Ina likitan haƙori zai samu bayanin magunguna wanda bai tsufa ba?

Wani matashin likitan haƙori da ya kama aiki a wani ƙaramin asibiti a nan Jos ya aiko mini da tambaya. Ya ce shekararsa uku da barin makaranta, kuma har yau da littafin da ya ci jarrabawa da shi da abin da ya gani a hannun manyansa yake rubuta magani, sai kwanakin baya wani mai harhaɗa magunguna ya dawo masa da takarda yana cewa an daina ba da wannan maganin a irin wannan hali. Yana son ya san inda zai riƙa samun sahihin bayani na yanzu, da kuma abubuwan da suka fi cancanta ya sa wa ido.

Likita, na ji daɗin wannan tambaya, domin a matsayina na mai harhaɗa magunguna na shafe shekaru ina karɓar takardun magani daga hannun likitocin haƙori, kuma abin da na lura da shi shi ne kuskurensu ba kasafai yake fitowa daga rashin ilimi ba. Yawanci ilimi ne na gaskiya wanda lokacinsa ya wuce. Magungunan da likitan haƙori yake rubutawa ba su da yawa, da ƙyar su wuce ashirin ko talatin, kuma wannan ƙarancin ne yake sa hannu ya saba har mutum ya daina dubawa. Amma majiyyacin da ke zaune a kujerarka yana iya zuwa da maganin hawan jini, da na ciwon suga, da na tsinka jini, da na tarin fuka, waɗanda wasu likitoci suka rubuta masa, kuma su waɗannan ne suke sauyawa kusan kowace shekara. Saboda haka kowane bayani da za ka dogara da shi, ka fara neman kwanan watan da aka rubuta shi, kamar yadda kake duba ranar lalacewar allura kafin ka zuƙa ta.

Bari in nuna maka yadda abu ɗaya ya sauya a hannunmu. Kafin 2007, ana bai wa masu ciwon zuciya iri-iri maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a cire musu haƙori, don gudun kada ƙwayoyin baki su bi jini su kama bangon zuciya na ciki. A 2007 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta taƙaita wannan ga mutanen da haɗarinsu ya fi girma, wato wanda aka sa wa bawul na roba ko na ƙarfe a zuciya, da wanda ya taɓa kamuwa da wannan ciwon, da masu wasu nau'o'in ciwon zuciya na haihuwa, da wanda aka yi wa dashen zuciya bawul ɗinsa ya samu matsala. A 2008 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila, ta ce a daina ba da shi, sannan a 2016 ta sassauta maganar zuwa cewa kada a mayar da shi al'ada ga kowa. A 2021 kuma Amurkawan suka cire kilindamaisin daga jerin abin da ake bai wa wanda fenisilin bai karɓe shi ba, saboda yana jawo mummunan gudawa mai kisa fiye da sauran, suka bar irin su azitiromaisin da doksisaikilin. Wanda fenisilin ya karɓe shi har yanzu amoksisilin ne, giram 2 ga babba, minti 30 zuwa 60 kafin a fara aiki. Likitan da ya yi karatu da littafin da aka buga kafin 2021 zai rubuta kilindamaisin da zuciya ɗaya, kuma ba zai ji a jikinsa cewa ya yi kuskure ba.

A nan sai in ƙara da ra'ayina. Waɗannan ƙa'idoji an rubuta su ne a ƙasashen da ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yara ya yi ƙaranci, mu kuwa muna ganinsa har gobe a tsakanin matasanmu. Don haka idan irin wannan majiyyaci ya zo maka, kada ka yanke hukunci kai kaɗai da takardar Amurka ko ta Ingila a hannu. Ka tuntuɓi likitan zuciyar da ke duba shi, ka rubuta abin da kuka tsayar a cikin fayil.

Game da inda za ka samu bayani, ka fara da na gida. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya tana da Jerin Muhimman Magunguna na Nijeriya da kuma kundin ƙa'idojin jiyya na ƙasa, waɗanda su ne suke nuna abin da ake sa ran samu a asibitocinmu. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana da rajistar magunguna a intanet mai suna Greenbook inda za ka duba ko magani yana da rajista, kuma tana fitar da sanarwar gargaɗi a kan jabu da waɗanda aka janye daga kasuwa. Wannan sanarwar ita ce babu wani littafin waje da zai ba ka. Akwai kuma EMDEX, wanda aka tsara shi a kan magungunan da ke kasuwar Nijeriya da sunayensu na kamfani, kuma yana da amfani sosai a ranar da majiyyaci ya kawo maka kwali mai sunan da ba ka taɓa ji ba. Daga waje, BNF, wato kundin magunguna na Birtaniya, ya fi sauran dacewa da aikinka, domin yana da sashe na likitocin haƙori da jerin magungunan da ba sa jituwa da juna. Ana buga shi a takarda sau biyu a shekara, a Maris da Satumba, amma na intanet kowane wata ake sabunta shi, wanda hakan kaɗai ya isa ya nuna maka matsayin tsohon kwafin da ke kan teburin asibitinku. A 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafinta na AWaRe a kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, kyauta ne, yana da babi a kan ciwukan baki da haƙori, kuma ana iya sauke shi a waya. Ka sauke duk abin da zai sauku, domin ranar da za ka je aikin sa-kai a wani ƙauye ta wajen Mangu ko Barikin Ladi ba lallai ne sabis ya ba ka haɗin kai ba.

Abin da ba zan so ka ɗauka a matsayin madogara ba shi ne bayanin wakilin kamfanin magani, da saƙon da aka tura a zauren WhatsApp babu kwanan wata babu sunan wanda ya rubuta. Wakilin kamfani yana iya faɗin gaskiya, amma gaskiyar da za ta sayar da hajarsa zai zaɓa. Haka ma manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake yi wa tambaya a waya: suna amsawa da cikakken ƙarfin gwiwa ko da adadin da suka bayar ba daidai ba ne, don haka duk lambar da suka ba ka sai ka gan ta da idonka a cikin ɗaya daga waɗancan kundaye kafin ta hau takarda.

Sai dai duk waɗannan rabin bayanin ne kawai. Sauran rabin yana cikin ledar majiyyaci, kuma a nan ne na fi son in daɗe.

Wata rana da yamma wata dattijuwa ta zo wurina da jikanta, kuncinta a kumbure, tana riƙe da takarda daga wani asibitin haƙori. An rubuta mata metronidazol, wanda mutane suka fi sani da Flagyl, da dikilofenak, da amoksisilin, duk a kan adadin da ya dace. Ina cikin ƙirga ƙwayoyin sai na ga tabon tiyata a saman ƙirjinta inda mayafinta ya zame, na ce, "Baba, an taɓa yi miki aiki a zuciya ne?" Ta ce an yi, shekarun baya. Na ce ko tana shan wani magani kullum. Sai ta kwance bakin zaninta ta fito da wata 'yar farar takarda da aka naɗe ƙananan ƙwayoyi a ciki, ta ce wannan na jini ne, kowace yamma take sha. Wafarin ne. Na tambaye ta ko ta gaya wa likitan, ta ce ya tambaye ta ko tana da wani ciwo, ita kuwa tun da aka yi mata aikin ta warke, don haka ta ce babu. Ba ta yi ƙarya ba, shi ma ya yi tambaya, amma tambayar ba ta kamo abin da ake nema ba. Metronidazol yana hana hanta sarrafa wafarin, sai ƙarfinsa ya ninku a jiki, dikilofenak kuma yana ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Na kira likitan a waya, ya gode, muka sauya takardar a tsakaninmu, aka bar ta da amoksisilin da farasitamol, aka kuma tura ta gwajin jini.

Tun daga ranar nake roƙon abokan aikina su daina tambayar "kana da wani ciwo?" kawai. Ka ce, "Wane magani kake sha kullum, ko na asibiti, ko na kemis, ko na gargajiya?" Ka ce a zo maka da su a leda ka gani da idonka, domin da yawa daga mutanenmu da launi suke sanin magani, "ja da fari" ko "ɗan ƙaramin nan na hawan jini". Ka tambayi abin da ya riga ya sha saboda wannan haƙorin, domin kafin mai ciwon haƙori ya iso gare ka, galibi ya kwana uku yana haɗiyar Ampiclox da maganin ciwon jiki kala biyu ko uku daga kemis, kuma ana iya samun farasitamol a cikin kowannensu. Iyakar farasitamol ga babba giram 4 ne a yini, ƙasa da haka ga mai ƙaramin jiki ko mai ciwon hanta, kuma mutum yana iya wuce wannan iyaka ba tare da ya sani ba. Mace kuma ka tambaye ta batun juna biyu da shayarwa cikin ladabi, in da hali ba a gaban surukarta ko mijinta ba, domin kunya tana sa a ɓoye ƙaramin ciki.

Tunda wafarin ya shigo maganar, ka riƙe cewa ba metronidazol kaɗai ne abokin gabarsa ba. Mikonazol na shafawa a baki, wanda ake bayarwa saboda farin ƙurajen baki, yana shiga jini fiye da yadda ake zato, kuma hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kansa a 2016 bayan rahotannin zubar jini mai tsanani. Fulukonazol ma haka yake. Wani abin da ya sauya kuma shi ne tsohuwar al'adar dakatar da wafarin kwana biyu ko uku kafin cire haƙori. Abin da ake bi yanzu shi ne a auna INR, wato gwajin da ke nuna yadda wafarin ya tsinka jini, cikin awa 24 kafin aiki, ko awa 72 ga wanda awonsa yake a daidaice, idan yana ƙasa da 4 a yi aikin ba tare da an dakatar ba, a tsayar da jinin da ɗinki da matsi, domin gudan jini a bawul ko a ƙwaƙwalwa ya fi zubar jinin dasashi haɗari nesa ba kusa ba. Sababbin magungunan tsinka jini irin su ribaroksaban da afiksaban sun fara yawa a hannun majiyyatanmu, su kuma ba a auna su da INR, ƙa'idarsu daban ce, sai ka duba ta a lokacin da buƙata ta taso.

Akwai wasu haɗuwa da suka fi shafar mu a nan. Mai shan rifamfisin saboda tarin fuka, hantarsa tana saurin ƙone magunguna da yawa, har su kasa aiki. Mai shan magungunan ƙanjamau masu ɗauke da ritonabir bai kamata a ba shi midazolam na sha don kwantar da hankali ba, domin barcin zai yi nauyi har ya taɓa numfashi, kuma wannan majiyyaci ba zai gaya maka abin da yake sha ba sai ya amince da kai. Kilaritiromaisin ba ya haɗuwa da simbastatin na rage kitse a jini, saboda yana iya narkar da tsoka, kuma shi da eritiromaisin suna buƙatar taka-tsantsan ga wanda yake tsakiyar shan maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem, saboda bugun zuciya. Idan ka ga dasashi ya yi kauri yana rufe haƙora, ka tambayi amlodifin ko nifedifin na hawan jini, ko fenitoyin na farfaɗiya, kafin ka ɗora laifin a kan rashin goge baki. Sannan tun 2003 aka gano cewa magungunan ƙarfafa ƙashi irin su alendironet da zoledironik, waɗanda ake bai wa tsofaffi da masu ciwon daji, suna iya sa ƙashin muƙamuƙi ya mutu bayan cire haƙori, kuma mai karɓar allurar sau ɗaya a wata ko a shekara ba ya lissafa ta cikin magungunan da yake sha sai an tambaye shi kai tsaye.

A kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, sabon bayani yawanci cewa yake yi a rage. Likitocin haƙori su ne suke rubuta kusan kashi 10 cikin 100 na waɗannan magunguna a duniya, kuma babban kaso daga ciki ba a buƙatarsa. Zafin jijiyar haƙori ba ya jin amoksisilin, mugunyar da ta taru a tushen haƙori kuma fitar da ita ake yi, ko a wanke tushen, ko a cire haƙorin. Ana ƙara magani ne idan kumburin yana yaɗuwa, ko akwai zazzaɓi, ko garkuwar jikin mutum ta yi rauni, kuma littafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya tsaya a kan amoksisilin ko fenisilin na sha, na kwana 3 zuwa 5. Sifurofuloksasin da sefuroksim da azitiromaisin suna cikin rukunin da hukumar ta ce a sa wa ido, don haka bai kamata su zama zaɓin farko ba. Na san matsin da kake ciki, domin majiyyacin da ya biya kuɗin mota daga Bukuru ya zo, idan ya fita babu kafso a hannu gani yake ba a yi masa komai ba, amma minti biyu na bayani ya fi masa amfani. Wanda kuwa kumburinsa ya sauka ƙarƙashin haɓa, harshe ya ɗaga, haɗiya ko numfashi ya yi wuya, wannan ba na takardar magani ba ne, na gaggawa ne zuwa babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, a cikin wannan sa'ar.

Maganin zafi ma ya sauya. Ƙa'idar da Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta fitar a 2024 ta sa ibufurofen, shi kaɗai ko tare da farasitamol, a gaban kodin da tiramadol wajen zafin haƙori da na bayan cirewa. Wannan ya yi mana daidai, mu da muka ga abin da waɗannan biyun suka yi wa matasanmu, har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a Mayun 2018, tiramadol kuma miligiram 50 da 100 kaɗai aka amince da su. Ba a bai wa yaron da bai kai shekara 12 ba kodin. Shi ma ibufurofen da 'yan uwansa ba na kowa ba ne: mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai asmar da ke tashi da asfirin, da mai shan maganin tsinka jini, duk a nisanta su da shi. A da ana cewa mai ciki ta guje shi a watanni ukun ƙarshe, amma a 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta dawo da gargaɗin zuwa mako na 20. Idan azumi ya zo kuma, ka tuna cewa maganin da ake sha kowace awa takwas ba ya yiwuwa a cusa shi tsakanin buɗa-baki da sahur, don haka ka tattauna da majiyyaci a fili, ko a zaɓi wanda ake sha sau biyu, ko ya ɗauki rangwamen da aka yi wa mara lafiya.

Yara su ne inda nake son ka riƙa lissafi da biro, ba da ka ba. Kwalbar allurar lidoken mai kashi 2 cikin 100, mai mililita 1.8, tana ɗauke da miligiram 36. Wasu kundaye suna ba da iyakar miligiram 7 ga kowane kilo idan akwai adirenalin a ciki, likitocin haƙorin yara na Amurka kuma sun tsaya a 4.4. Ga yaro mai kilo 15, na farko ya ba ka miligiram 105, na biyu 66, wato bai kai kwalba biyu ba. Idan kundaye biyu masu daraja suka saɓa irin haka, ni ƙaramin nake ɗauka ga yaro, kuma wannan yana nufin dole a sami ma'aunin nauyi a ɗakin aikinka. Tetirasaikilin yana ɓata launin haƙoran da ke tsirowa, don haka ba na ƙananan yara ba ne ba kuma na mai ciki ba. Idan uwa ta nemi ka rubuta mata maganin fitar haƙori, ka tuna da My Pikin, maganin fitar haƙori na ruwa wanda gubar da ta shiga cikinsa ta kashe yara 84 a ƙasar nan daga ƙarshen 2008. Fitar haƙori ba ta buƙatar haɗin magani, kuma zazzaɓi ko gudawar da ake jingina mata sau da yawa wani ciwo ne da ke buƙatar likitan yara.

Ta yaya za ka riƙe duk wannan ba tare da ya zame maka nauyi ba? Ka rubuta magungunan da kake yawan bayarwa a takarda guda, kowanne da adadinsa na babba da na yaro, da waɗanda ba a ba su, da magungunan da ba ya haɗuwa da su, sannan ka sa kwanan wata da sunan kundin da ka ɗauko a ƙasa, ka manna ta inda idonka yake kaiwa. Duk bayan wata shida ka zauna da mai harhaɗa magunguna ku bi ta layi-layi. Darussan ƙarin ilimi da Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya take nema kafin sabunta lasisi, ka ware wani kaso daga ciki ga ilimin magunguna, kada duka su tafi a kan sababbin kayan cike haƙori. Mu ma masu harhaɗa magunguna akwai namu laifin, domin sanarwar NAFDAC tana iso mana mu karanta mu ajiye, ba ma tunanin tsallaka baranda mu kai wa sashen haƙori, alhali aikinmu ne. Mutumin da ya dawo maka da takarda, ka karɓi lambarsa, ka riƙa kiransa kafin ka rubuta abin da kake kokwanto a kai.

Ka rubuta magani da sunansa na asali, ba na kamfani ba, da ƙarfinsa, da sau nawa a yini, da kwana nawa, da shekarun yaro da nauyinsa, ka kuma sa lambar wayarka a takardar yadda za a same ka idan an ga abin tambaya. Ka koya wa majiyyaci kankare lambar da ke jikin kwalin ya tura ta saƙon waya don tantance sahihancinsa, a kan magungunan da ke da wannan tsari. Idan kuma wani ya dawo maka da ƙuraje, ko kumburin leɓe, ko zubar jinin da ba a zata ba bayan maganin da ka ba shi, ka cike takardar rahoto mai launin rawaya ta NAFDAC ko ka shigar da shi ta manhajar Med Safety, ko da ba ka tabbatar maganin ne sanadi ba, sannan ka rubuta sunan maganin da jan biro a bangon fayil ɗinsa.